Wa ya kamata ya riƙe tashar jirgin ruwan garinmu: Sarkin Ruwa, ƙungiya ko ƙaramar hukuma?

Ɗan Bakin Ruwa ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar masana doka da waɗanda suka san sha'anin ruwa a kan wata rigima da ta raba kan garinmu tun bayan babbar salla. Garin namu yana gaɓar tafkin Kainji ta ɓangaren jihar Kebbi, kuma ba zan ambaci sunansa ba, domin maganar tana gaban hakimi, ba na son abin da na rubuta ya ƙara rura wutar. Muna da kasuwa mai ci mako-mako, kuma ranar da take ci jirage kan zo daga ƙauyukan gungu da kuma tsallaken ruwa ta jihar Neja, ɗauke da kifi da albasa da shinkafa da awaki, har da babura.

Tun zamanin kakanninmu gidan Sarkin Ruwa ne ke kula da mashigin. Shi ke nuna wa baƙon jirgi inda zai ɗaure, shi ke sasanta masunta idan komarsu ta sarƙe da ta juna, kuma idan aka yi hatsari, shi ke tara gwanayen iyo su shiga neman waɗanda ruwa ya ci. Abin da ake ba shi a kan wannan bai taka kara ya karya ba, daga ɗan kifin miya sai abin goro. Da jirage masu inji suka yawaita, sai masu su suka kafa ƙungiya, suka tsara layin lodi kamar yadda ake yi a tashar mota, suna yankar wa kowane jirgi tikiti. Shekara da shekaru ana tafiya a haka, ana ɗan gunaguni amma ba a taɓa kai ruwa rana ba. Bana aka gina mana matakala ta siminti da rumfar fasinja, kuma ba a yi wata biyu da gamawa ba sai ga takarda daga ƙaramar hukuma, tana cewa ta danƙa karɓar kuɗin shiga na wajen a hannun wani ɗan kwangila.

Ranar kasuwar da ta wuce na ga abin da ya hana ni barci. Tebur biyu ne a bakin ruwa, tsakaninsu bai kai taku goma ba, kowanne da littafin rasit a kai. Wani dattijo da ya kawo buhunan albasa ya tsaya riƙe da igiyar jirginsa, ruwa har gwiwa, yaran ƙungiya na cewa nan zai biya, yaran ɗan kwangila na cewa can zai biya. Ana cikin wannan cacar baki, wani jirgi ya cika maƙil da mata da yara da buhuna ya tashi dab da magariba, tsakanin bakinsa da ruwa bai fi kamu ɗaya ba, kuma babu wanda ya ɗaga kai ya dube shi, balle a ƙidaya mutanen da ke ciki.

Tambayata biyu ce. A doka, wa ke da iko da irin wannan mashigi? Sannan ko akwai hanyar da za a sasanta ba tare da an wulaƙanta gidan Sarkin Ruwa ba, wanda ya yi wa garin nan hidima tun ba a san inji ba?

Tsohon Ma'aikacin Ƙaramar Hukuma ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Na yi shekaru a sashen kuɗin shiga kafin in yi ritaya, don haka zan faɗa maka abin da takardu suka ce, ko da ba zai yi wa kowane ɓangare daɗi ba. Mashigin da kake gani wuri ɗaya ne a ido, amma a doka abubuwa da yawa ne aka ɗora a kan juna, kuma kowanne da mai shi.

Zirga-zirgar jirage a kan kogin Neja da rassansa tana cikin jerin abubuwan da Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya keɓe wa gwamnatin tarayya ita kaɗai. Hukumar da ke riƙe da wannan aiki ita ce NIWA, wadda aka kafa da dokar soja mai lamba 13 ta 1997, hedikwatarta na Lokoja, kuma tun 2023 tana ƙarƙashin sabuwar ma'aikatar harkokin teku. Rajistar jirage da lasisin matuƙa da izinin gina matsayar jirage duk suna hannunta, har ma dokarta ta ba ta iko da filin da ke cikin mita 100 daga gaɓar hanyoyin ruwan da aka ayyana na tarayya ne. Wannan batu an gwada shi a kotu. A Legas, masu jiragen haya da masu haƙar yashi sun gaji da biyan haraji biyu, ɗaya ga NIWA, ɗaya ga hukumar ruwa ta jihar, sai suka je kotu suna tambayar wanda za su biya, wato daidai tambayar da dattijon nan mai albasa ya tsaya da ita a cikin ruwa. Kotun ɗaukaka ƙara ta ba jihar Legas gaskiya a 2017, amma a watan Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta soke wancan hukunci, ta tabbatar da ikon tarayya.

To amma ƙaramar hukuma ba bare ba ce a wajen. Jadawali na Huɗu na wannan Kundin ya ba ta kafa kasuwanni da tashoshin mota da kula da su, kuma a fili ya ambaci ba da lasisin kwale-kwale, a layi ɗaya da kekuna da amalanke da baro. Saboda haka kuɗin rumfa da kuɗin shimfiɗa kaya a kasuwar bakin ruwa haƙƙinta ne, ba a ja da ita a kansu. Inda nake da ja shi ne idan ɗan kwangilar nan yana karɓar kuɗin tashi da sauka daga manyan jirage masu inji da ke tsallakawa zuwa wata jiha, domin wannan ya fita daga kasuwa ya shiga sufurin ruwa. Shi kuwa kamun kifi a koguna da tafkuna, Kundin ya cire shi daga jerin tarayya, jiha ce ke yi masa doka.

Ƙungiya ba hukuma ba ce. Tana da damar karɓar gudummawar da 'ya'yanta suka amince su riƙa bayarwa, amma ba ta da hurumin ɗora haraji a kan baƙon da bai shiga cikinta ba. Shi kuma Sarkin Ruwa, abin da zan faɗa yana da ɗaci: tun gyaran ƙananan hukumomi na 1976, wanda ya kawo ƙarshen mulkin En'e, ikon karɓar haraji ya bar hannun sarakuna, kuma Kundin 1999 bai tanadar musu wani aiki ba. Darajarsa tana nan a zukatan mutane, amma idan aka je gaban alƙali ba shi da takardar da zai nuna.

Shawarata ita ce ku nemi kofen takardar kwangilar ta hannun kansilanku, ku ga ainihin abin da aka ba mutumin ya karɓa, da dokar majalisar ƙaramar hukuma da aka dogara da ita. Sau da yawa abin da ke rubuce ya fi abin da ake karɓa a bakin ruwa ƙanƙanta nesa ba kusa ba.

Matuƙin Jirgi ya amsa:

Baba, Allah ya ƙara girma, mun ji bayanin doka kuma mun ƙaru. Amma ina roƙon a ba ni dama in faɗi abin da takarda ba ta gani, domin ni a kan ruwan nan na tashi, a hannun mahaifina na koyi tuƙi tun ana amfani da gora da filafili.

Wanda bai san Kainji ba yana zaton bakin ruwa wuri ne tsayayye. Ba haka ba ne. Ruwa biyu ke shigo mana a shekara: farin ruwa mai laka, wanda damunarmu ta nan ke kawowa wajen watan Agusta zuwa Oktoba, da kuma wanda ake kira baƙin ruwa, mai tasowa daga tsaunukan ƙasar Gini, ya daɗe yana ratsa fadamun Mali, sai cikin hunturu ya iso mana a tace. Tafkin kan cika ya batse a wannan lokaci, sannan ya yi ta ja da baya har farkon damuna, yayin da madatsa ke sakin ruwa don samar da wuta. Matakalar simintin da ake wannan faɗa a kanta, wata rana za ka same ta a tsaye a kan busasshiyar ƙasa, jirage suna ɗaurewa can nesa, mutane na taka laka kafin su kai. A lokacin wa zai ce ga inda za a koma? Ɗan kwangila ba zai sani ba. Sarkin Ruwa da tsofaffin matuƙa ne suka san inda ƙasa ke da tauri, da inda jirgi zai kafe.

Akwai kuma kututture. Dajin da ruwa ya shanye lokacin da aka toshe kogin bai ruɓe duka ba, itatuwa na nan tsaye a ƙarƙashi, kuma idan ruwa ya ja sukan zo dab da sama ba tare da an gan su ba. Jirgin katako mai nauyin kaya idan ya hau ɗaya da gudu, darewa yake yi. Mu mun haddace wurarensu kamar yadda mutum ke haddace lungunan unguwarsu, kuma wannan ilimi ba ya cikin kowane littafin rasit.

Ba zan wanke ƙungiya tas ba. Na sani sarai ana lodin da ya wuce kima, kuma dalilinsa ba ɓoyayye ba ne: tun da aka cire tallafin mai a 2023, matuƙi ba ya fitar da kuɗin fetur sai ya cika jirgi, fasinja kuma ba ya yarda a ƙara masa kuɗin fito. Idan aka ɗora mana tikiti na biyu, matuƙi ba daga aljihunsa zai biya ba, mutum biyu ko uku zai ƙara a jirgin. Wannan shi ne abin da nake so masu yanke shawara su gane. Ƙungiya ce ke sayen igiya, ita ke tura jirgi ya jawo wanda injinsa ya mutu a tsakiyar ruwa, ita ke haɗa wa iyalan matuƙin da ya rasu abin zaman makoki. In za a karɓe tebur daga hannunta, sai a faɗa mana wanda zai ɗauki waɗannan.

Mai Bandar Kifi ta amsa:

Salamu alaikum. Ɗana ne yake rubuta mini wannan, ni nake faɗa masa. An karanta mini abin da malaman nan biyu suka ce, kuma ban ga wanda ya ambaci mata ba, alhali ranar kasuwa idan ka leƙa cikin jirgi mu ne muka fi yawa, mu da 'ya'yanmu a goye.

Ni sana'ata banda. Nakan sayi tarwaɗa da ƙarfasa a hannun masunta da asuba, in gyara, in kyafe, in jera a kwali in kai wa dillalai masu lodin kudu. Kafin kwalin nan ya hau mota, na biya kuɗin fito, na biya ɗan dako, na biya kuɗin shimfiɗa, na ba da la'ada. Ban taɓa ƙin biya ba, amma har yau ban ga abin da kuɗin ya yi mana ba. Babu makewayi a bakin ruwan, mace ta wuni tun safe tana matsuwa. Babu fitila. Rigunan kariya da aka taɓa rabawa, na gan su a ɗaure cikin buhu a ɗakin ajiya, wai ana jiran ranar da manya za su zo. A wata tafiya da iska ta taso mana a tsakiyar ruwa, wata yarinya da ke kusa da ni ta kwance zanenta ta ɗaure jaririnta a ƙirji, ta ce in ruwa zai ci su, ya ci su tare. Allah ya kuɓutar da mu, amma ban manta fuskarta ba.

Don haka ni ba ruwana da sunan wanda zai zauna a teburin. Abin da nake tambaya shi ne, wa zai iya tsayawa a gaban matuƙi ya ce masa ya isa, kada a ƙara ko mutum ɗaya, kuma matuƙin ya ji? Ɗan ƙungiya ba zai iya ba, domin gobe shi ma layinsa ne. Ɗan kwangila ba zai yi ba, domin yawan kai shi ne ribarsa. Ku yi haƙuri da maganata, ɗan'uwana matuƙi, ba raina wahalarku na yi ba.

Malami Daga Yelwa ya amsa:

Hajiya ta taɓo inda ciwon yake, kuma ina ganin daga maganarta ya kamata a faro. Mu mutanen wannan yanki ba mu manta da ranar 26 ga Mayun 2021 ba, lokacin da jirgin da ya taso daga jihar Neja ɗauke da mutane fiye da 150 ya nufi Wara a ƙaramar hukumar Ngaski, ya dare a tsakiyar ruwa, kaɗan ne suka tsira. An kwashe kwanaki ana tsamo gawawwaki, kuma abin da ya ƙara wa iyalai baƙin ciki shi ne rashin sanin takamaiman adadin waɗanda suka shiga jirgin. A watan Yunin 2023 kuma fiye da mutum 100 suka rasu a yankin Patigi na jihar Kwara, suna dawowa daga biki da dare. Ƙa'idojin sufurin ruwa da gwamnatin tarayya ta fitar sun hana tafiyar dare da lodin wuce kima, sun kuma wajabta sa rigar kariya, hukumar HYPPADEC da ke Minna, mai raya yankunan da ake samar da wutar lantarki daga ruwa, ita ma ta raba riguna a garuruwan gaɓa. Sai dai mashigai a kogin nan sun fi ƙarfin a ce ma'aikacin tarayya ya tsaya a kowanne, dole aikin ya dawo hannun 'yan gari.

Ina so kuma a fahimci abin da ya sa mutanenmu ke ɗaukar maganar bakin ruwa da zafi. Da aka gama madatsar Kainji a 1968, an tayar da mutane fiye da 40,000 daga garuruwansu, tsohuwar Bussa ta nutse, Gungawa da yawa suka bar tsibiransu aka zaunar da su a gidajen da ba su suka zaɓa ba. Wanda kakansa ya rasa gona da kushewar iyayensa saboda takardar da aka rubuta a wani wuri, ba zai karɓi sabuwar takarda hannu bibbiyu ba, ko da tana bisa doka. Wanda zai yi sulhu ya riƙe wannan a ransa.

Ga tambaya ta biyu, akwai abin koyi a tafkin nan kansa. A shekarun 1990 an yi wani shiri na haɗin gwiwar Najeriya da Jamus don farfaɗo da kamun kifi a Kainji, mai mazauni a New Bussa, inda cibiyar binciken kifin ruwan daɗi take. Babbar matsalar lokacin ita ce komar dala mai ƙananan idanu, wadda ke kwashe 'ya'yan kifi. Doka ta jihohi ce, amma masu shirin sun gane cewa ba za ta yi aiki ba sai an bi ta hannun sarakuna da sarakunan ruwa da wakilan masunta, aka sa su cikin ba da lasisi da sa ido. Iko ya tsaya a wurin hukuma, aiwatarwa ta koma wurin waɗanda ake jin maganarsu.

Da ni ne a gaban hakimi, zan roƙi a raba kuɗi da tsaro, kada hannu ɗaya ya riƙe su. A bar tebur ɗaya da rasit ɗaya, a rubuta kason kowa, a riƙa karanta lissafi a bainar jama'a duk wata. Ƙungiya ta ci gaba da tsara layi. Amma izinin tashin jirgi a danƙa shi ga Sarkin Ruwa, a yanka masa alawus tsayayye wanda ba ya ƙaruwa da yawan fasinja, domin shi kaɗai ne a cikin ukun ba ya cin ribar lodi, kuma shi ne zai shiga ruwa neman gawa idan abin ya ɓaci. A shafa fenti a jikin kowane jirgi, alamar da idan ruwa ya rufe ta ba za a tashi ba, yadda ko yaro zai iya gani ya yi magana. Mata masu kifi kuma a ba su kujera a kwamitin, ba don cika ido ba, sai don su ne ke cikin jirgin.

Tsohon Ma'aikacin Ƙaramar Hukuma ya sake amsawa:

Malam, na yarda da tsarin, amma akwai gyara ɗaya. Idan Sarkin Ruwa ya hana jirgi tashi ba tare da wata takarda a bayansa ba, mai jirgi na iya kai shi ƙara, kuma zai sha wahala. Sai majalisar ƙaramar hukuma ta amince da kwamitin a rubuce, a kuma rubuta wa ofishin NIWA na yankin a sanar da su, a nemi su turo jami'i ya duba jiragen ya faɗi adadin da kowanne zai ɗauka. Sannan a lura, sarauta gado ce, ba kowane magaji ne ke gadon ilimin ruwa ba. A rubuta cewa idan mai riƙe da sarautar ba ya iya tsayawa da kansa, shi da tsofaffin matuƙa za su fitar da wakili.

Ɗan Bakin Ruwa ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na kai wa kansilanmu buƙatar kofen takardar kwangilar, ya ce in dawo ranar Litinin. Na kuma karanta wa Sarkin Ruwa abin da kuka rubuta a zaurensa bayan isha'i. Ya yi shiru har na zaci ransa ne ya ɓaci, sannan ya ce shi bai damu da tebur ba, amma ba zai karɓi alhakin ran mutane ba sai an ba shi littafin da za a riƙa rubuta sunan duk wanda ya shiga jirgi da garin da ya fito, da yaro mai ilimi da zai riƙe alƙalamin, domin shi idonsa ya yi rauni.

Shugaban ƙungiya bai ƙi maganar fenti ba, sai dai ya ce a fara zama a kan kuɗin fito tukuna, in ba haka ba matuƙa za su koma yin lodi a wani lungu da ke bayan gari inda babu mai ganinsu. Wannan ya tsaya mini a rai, domin na san lungun, kuma kututture ya fi yawa a can. Hakimi ya sa zama ranar Alhamis mai zuwa. Ɗan'uwa matuƙi, kafin ranar ina roƙon ka rubuto mana yadda kuke lissafin man tafiya ɗaya da adadin fasinjan da ke fitar da shi, don mu shiga zaman da abin da za mu ajiye a gaban mutane.